Mutum Ya Rasu, Famfo Ya Mutu

Jama'ar Korgom da ƙauyukan kewaye, da masu kama mu daga Tasawa, Maijirgi, Hawan Dawaki har zuwa Mayahi.  

Yau maganar mutuwa za mu yi, amma don Allah kada kowa ya kashe rediyonsa. Ba wa'azi na zo yi ba, wannan fagen malamai ne, kuma Alhamdu lillahi muna da su. Ni abin da ya dame ni shi ne bakin da muke faɗin mutuwar da shi: kalmar da muke ɗauka idan mutum ya tafi, da wadda muke ɗauka idan famfon unguwa ya daina ba da ruwa, da kuma wadda ma'aikacin ofis yake rubutawa idan maganar ta zo teburinsa.

Wani zai ce, me ya kawo Ingilishi cikin zancen, mu da lakwal ɗinmu ta Faransanci ce? To, a watan Maris na 2025 hukumomin ƙasarmu suka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Sai dai Ingilishi bai jira doka ba kafin ya shigo Korgom. Ya daɗe da shigowa ta kudu, a jikin kwalin magani, a buhun taki, a cikin wayar hannu, a bakin yaranmu masu zuwa cin rani Kano da Legas, da bakin kanikawan da suka koyo aiki a Katsina da Daura. Kuma idan kun lura, kalmomin da suka riga sauran isowa yawancinsu na ƙarewa ne: abu ya tsaya, abu ya lalace, wa'adin abu ya cika. Dalilin a fili yake. Mu ne masu sayen kwance. Motar da take zuwa hannunmu ta gama ƙuruciyarta a Turai, ta yi tsufanta a Kwatano ko Kano, mu kuma mu karɓe ta a gargara. Wanda yake zaune da tsofaffin kaya dole ya koyi sunayen cututtukansu.

Mu fara da mutum tukuna.

Mai Ingilishi yana da kalma guda tsirara, die, ya mutu ke nan, kuma da ita yake faɗin mutuwar sarki da ta kaza. Ranar 13 ga Yulin 2025 da tsohon shugaban Nijeriya Muhammadu Buhari ya cika a Landan, da wannan kalmar jaridun Ingila da Amurka suka buga labarin, babu wanda ya ga rashin ladabi a ciki. Manyan jaridunsu ma horon ma'aikatansu suke yi su rubuta ta haka, kada su kewaya. Amma da aka kawo shi Daura, nan kudu da mu, wane mai shela ne ya isa ya tsaya gaban iyalinsa ya ce ya mutu? Allah ya yi masa rasuwa, haka kowa ya faɗa.

Ba wai Bature bai iya kewaye ba ne. Idan ya shiga gidan makoki passed away yake cewa, wato ya wuce. A takardar kotu kuwa deceased za ka gani, wadda ɗaki ɗaya suka fito da décès ɗin da muka sani a takardun magajin gari, asalinsu duka kalmar Latin ce mai nufin tafiya. Idan zai ambaci sunan wanda ya rasu sai ya sa late a gaba, inda mu muke sa marigayi. Wannan kalma tana ruɗa yaran makaranta, don da ita ake faɗa wa wanda ya makara. Akwai abin dariya a nan: mu muna cewa marigayi, wanda ya riga mu, shi kuma kamar yana cewa wanda ya makara. A gaskiya ba makara yake nufi ba, yana nufin wanda bai daɗe da barin mu ba, amma wa zai hana ɗalibi dariya?

Wanda ya yi Faransanci kuma akwai ramin da ke jiransa. A Faransanci défunt mamaci ne, mutum, kuma kalma ce ta girmamawa. A Ingilishin yau defunct ta koma kan kamfani da ma'aikata da jam'iyyar da ta rushe. Sonara, wadda iyayenmu suka sayar wa gyaɗa, defunct ce. Bankin BDRN defunct ne, haka kamfanin jiragen Air Afrique da ya durƙushe a 2002. Idan ka rubuta wa abokinka na Legas takardar gaisuwar mahaifinsa ka kira tsohon da wannan kalma, ka mai da shi kamfanin da ya karye. Haka nan akwai kick the bucket, wadda samari suke tsinta a fim suna jin daɗin faɗinta. Shaƙiyanci ce, daidai da mu ce wane ya sheƙa, ko ya ce ga garinku nan. Ba a shiga da ita gidan da ake zaman makoki.

To mu fa? A wannan fage babu wanda ya fi mu dukiya. Ya rasu. Ya cika. Rai ya yi halinsa. Ya riga mu gidan gaskiya. Ya kwanta dama. An yi rashi. Idan babban malami ne sai a ce ya yi wafati. Idan jariri ne da bai daɗe da zuwa ba sai a ce ya koma, kamar baƙon da ya leƙo ya ga ba wurin zamansa ba ne. Uwar da 'ya'yanta suke komawa ɗaya bayan ɗaya ana cewa tana wabi. Akuyar da ta mutu ba a kai ga yanka ta ba mushe ce, kuma duk wanda ya kira gawar mutum da wannan suna ya nemi faɗa. Kowace kalma da mazauninta, yaro ɗan shekara goma ya san ba a cewa jaki ya rasu.

A nan bari in ɗan ratse. Ina jin wasu, har a gidajen rediyo, idan Musulmi ne su ce ya rasu, idan ba Musulmi ba ne su ce ya mutu. Ni ban ga dalili ba. Rasuwa daga rashi take, kuma maƙwabcinka Kirista da ya binne uwarsa rashi ya yi kamar yadda kai za ka yi. Addu'a daban, wannan malamai sun yi bayaninta. Ladabin baki kuwa ba ya rage wa kowa imani.

Kuma ba kalmomin kaɗai ba, har yadda ake kai su. A da idan tsoho ya cika, ɗansa yana Damagaram ko Agadas, ba a aika masa da labarin tsirara. Ana neman dattijo ya je, ko a ce masa jikin baba ya tsananta, ana nemanka. Ya san abin da ake nufi, mai faɗar ma ya san ya sani, amma an ba shi hanya ya sha kukansa kaɗan kaɗan kafin ya iso ƙofar gida. Yanzu fa? Kafin a gama wanka, hoton mamacin ya hau WhatsApp da Facebook, an rubuta haruffa uku a ƙasa, RIP. Matar da take aure a Maradi ta buɗe waya don ta ga ko an turo mata kuɗin cefane, sai ta ci karo da fuskar yayanta. Masu rubuta haruffan nan da yawansu ba su san asalinsu addu'ar Kiristoci ba ce cikin Latin, ta neman hutu ga mamaci. Samarin Musulmi na Nijeriya da suka gane haka sai suka ƙirƙiro tasu, RIJF, wai Allah ya sa shi Aljannar Firdausi. Niyya mai kyau ce. Amma wanda ya yi maka goyo, ya biya maka kuɗin makaranta, bai cancanci ka buɗe baki ka ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan ba? Haruffa huɗu ne ladansa?

Wato inda ake bukatar taushin baki, nan muke zubar da shi. Inda kuma ake bukatar a faɗi magana a tsaye, nan muke lulluɓe ta. Wannan na biyun shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni gaban wannan makirfo yau.

Ku dubi yadda muke yi da kaya. Kalmar mutu da muke jin nauyin ɗora wa mutum, a kan kaya ba ma jin nauyinta ko kaɗan. Mota ta mutu, fitila ta mutu, agogo ya mutu, kasuwa ta mutu, aure ya mutu, riga ta mutu. Har jiki yana mutuwa mai shi na zaune, zuciya ma tana mutuwa mai ita na yawo a gari. Kishiyarta kuma kashewa, muna kashe wuta, mu kashe kuɗi, mu kashe ƙishirwa. Harshe ne mai daɗi, ba na musu. Amma ku je garejin kanikawa a Tasawa ku ce musu babur ɗina ya mutu, ku ji abin da za su ce. Tambaya za su yi: wace irin mutuwa? Idan pan ya yi, wadda muka aro daga Faransanci, tsayawa ce kawai, wataƙila fulogi ne, wataƙila mai ne ya ƙare. Idan batir ne ya yi dawun, caji yake so. Idan inji ya yi nokin, ya buga ke nan, sai an sauke shi, kuma aljihunka zai ji a jikinsa. Idan kuwa suka ce kwandam ne, to an yanke masa hukunci, sai 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Dawun, nokin, kwandam, duka Ingilishi ne da ya sa rigar Hausa. Bakanike bai aro su don burga ba. Ya aro su ne don abincinsa yana cikin bambance abin da ya suma da abin da ya mutu.

Wannan bambancin ne muke rasawa a kan kayan jama'a. Ku zagaya ƙauyukan wannan kwamin, ko na Mayahi, ku ƙirga famfunan da suke tsaye ba ruwa, na hannu da na takawa da ƙafa. Ku tambayi duk wanda kuka tarar a gindin bishiya, amsa ɗaya ce: ai ya mutu. Da an ce ya mutu, magana ta ƙare. Wa yake tuhumar mutuwa? Mata su koma tsohuwar rijiya, yara su koma gudawa, a zauna jiran wata ƙungiya ta zo ta haƙa sabo. Alhali sau da yawa abin da ya ci a cikin famfon nan roba ce da take tsotso ruwa, ko sarƙa, ko ƙarfe guda da ya tsinke a ƙasa, abin da mai gyara zai musanya a wuni ɗaya. Famfon bai mutu ba. Asusun kwamitin ruwa ne ya mutu, kuɗin da ake karɓa a kan kowane bido ne ba a san inda suka shiga ba. Da za mu ce famfo ya lalace, tambaya za ta biyo baya: me ya lalace, nawa ne, wa ke riƙe da kuɗin? Shi ya sa mai riƙe da kuɗin ya fi kowa son a ce ya mutu.

Mai Ingilishi idan na'ura ta tsaya yana manna mata takarda, out of order, ma'ana ba ta kan aiki yanzu, a dakata. Idan kamfani ne yake shure-shuren ƙarshe, 'yan jaridar Nijeriya suna da kalmar da suke so ƙwarai, moribund, mai gargara, ita suke liƙa wa masaƙun Kaduna da kamfanin ƙarfe na Ajakuta. Ba na cewa sun fi mu gyara, ai ga Ajakutan nan shekaru nawa tana gargarar. Abin da nake cewa shi ne mu ma muna da kalmomin: ya tsaya, ya ci, ya lalace, ya suma, ya ƙafe, ya toshe. Ƙiwa ce take sa mu tattara su duka mu ce ya mutu.

Sai wata kalma da nake so kowace uwa mai saurarena ta riƙe, ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Expire. Kanawa suna cewa ya yi esfaya, masu Faransanci su ce périmé. Asalinta fitar numfashi ne, numfashin ƙarshe, har yau a tsohon salon Ingilishi ana faɗinta a kan mutum. Amma inda za ku gan ta kullum shi ne jikin magani, haruffa uku, E, X, P, sai wata da shekara a gabansu. Kusa da su akwai wasu, MFG ko MFD, wannan ranar da aka yi maganin ce, kada a haɗa su. Idan aka rubuta EXP 03/2026, to ƙarshen watan Maris na 2026 wa'adinsa ya cika. Maganin da ya wuce wa'adi ba lallai ya zama guba ba, abin da ya fi yawa shi ne ƙarfinsa ya ragu, kuma wannan ma ya isa bala'i. Yaro yana zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina, an ba shi ƙwayar da ba ta da rai, uwa ta kwantar da hankali tana cewa ai ya sha magani, kwana biyu a wuce, cuta ta hau kai. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: yawancin kwalayen nan an rubuta a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 30 ba. Ku tuna da faifan mai tallan magani a ranar kasuwa cikin watan Afrilu, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Irin wannan magani yana iya mutuwa tun ranar da aka rubuta masa ba ta zo ba.

Kuɗi ma suna da nasu wa'adin, kuma mu mutanen bakin iyaka mun sha shi ta fuska biyu. A 2004 bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun sefa. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1000, ya ce daga 31 ga Janairun 2023 tsofaffin sun daina aiki, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, daga baya Kotun Ƙolinsu ta ce a ci gaba da karɓa. Sunan irin wannan rana a Ingilishi deadline, layin mutuwa idan ka fassara ta kai tsaye. 'Yan kasuwarmu masu kai dabbobi Mai'aduwa su dawo da naira ba su manta da makonnin nan ba. Takarda tana hannunka lafiya lau, ba ta yage ba, ba ta jiƙe ba, a ce maka ta mutu. Wanda ya yi gaggawa ya zubar da nasa a rabin daraja, bayan wata guda ya ga matattun sun tashi suna yawo a kasuwa.

Yanzu mu zo inda mutuwar kaya take haɗuwa da ta mutane. A shekarar 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit cike da mutane, sun nufi Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Motocin suka mutu a sahara. Da masu ceto suka isa, gawa 92 suka tattara, ba nisa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Mafi yawansu daga yankin Kance suka fito, nan gabas da mu, mutanen da muke haɗuwa da su a kasuwa, muke auratayya da su. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. A gidajen da aka yi rashin, abin da ya dace a faɗa shi aka faɗa: kwana ya ƙare, sai haƙuri, Allah ya jiƙansu. Babu mai imanin da zai ja da wannan. Amma a wajen gidan makokin akwai wasu tambayoyi da kalmar ajali ba ta amsa su. Wa ya duba motocin nan kafin ya loda musu yara hamsin da biyu? Ruwa nawa aka ɗauka? Me ya fitar da mace da goyo daga ƙasar gero ta nufi bara a wata ƙasa? Ajali gaskiya ne, sakaci ma gaskiya ne, kuma addininmu da kansa ya san diyya, ya san kisan kuskure, bai ce tunda kwana ya ƙare a sallami kowa ba.

Ofis kuwa yana da nasa salon lulluɓin, ko da wane harshe yake aiki. Waɗanda suka kai shekara talatin a cikinku sun tuna 2005. Damina ta gaza a 2004, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya saura, kuɗin tiyar gero ya tashi inda talaka ba ya kai hannu, mata suka shiga daji neman anza da tafasa. A nan jihar Maradi abin ya fi tsanani, duk da ita ce ake kira rumbun ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta kula da yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara. Amma a Yamai da manyan biranen duniya gardama ake yi a kan suna. Famine ce, ko crise alimentaire, matsalar abinci? A watan Agusta na shekarar shugaba Tandja Mamadou ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar. A yi adalci, kalmar famine a wurin masana tana da ma'auni: sai an ga mutum 2 cikin kowane dubu 10 suna mutuwa kullum, kashi 30 cikin ɗari na yara sun rame, gida ɗaya cikin biyar ba shi da abin kai wa baka. Mai riƙe da wannan ma'auni yana iya kafa hujjarsa. Sai dai kafin ƙidayar ta cika, waɗanda ake ƙirgawa suna ƙarƙashin ƙasa. A 2008 kuma aka dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maradi, ita da ta fi kowa ɗaga murya a kan tamowa.

Kakanninmu ba su yi wannan gardama ba. Yunwa suka kira ta, har suna raɗa mata suna don kada a manta. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba. Ta 1984 mutanen Maradi suka ce mata El Buhari, don a shekarar ce Buhari, yana mulkin Nijeriya, ya rufe iyaka, ya sauya naira, hatsi ya daina hawowa daga kudu. Dubi ƙarfin hali, talakawan da ba su da jarida ba su da rediyo, suka ɗauki sunan shugaban ƙasa mai ci suka liƙa wa yunwa.

Irin wannan lulluɓi yana ko'ina idan kun kasa kunne. Sanarwar soja, ta Ingilishi da ta Faransanci, ba ta cika cewa an kashe ba, sai ta ce neutralize, an kawar da barazana. Kamfani ba ya cewa ya kori ma'aikata, sai ya ce ya rage nauyi. Mu ma a gida muna da namu. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, mai gida yana jiran gari ya waye, ko yana jiran yayansa ya ba da izini, ko ana neman amalanke. Da aka isa likita an makara. Me za a ce? Ta tafi da ciki, Allah ya karɓi shahadarta. Amin. Amma tun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ce tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Ko kyautar tana isowa yadda aka faɗa, wannan zance ne na wata rana, kuma za mu yi shi. Abin da na sani shi ne kwana biyun nan da aka yi a ɗaki ba su shiga cikin kowace kalma da aka faɗa a wurin gaisuwa ba, kuma idan ba a faɗe su a wani wuri ba, ƙanwarta ma haka za a yi mata.

Wurin faɗinsu kuwa akwai shi, mu ne ba ma zuwa. Haihuwa mun fara kai wa a rubuta, don makaranta tana tambayar takarda. Rasuwa fa? Sai wanda yake bin fansho, ko gado ya kai shi gaban alƙali, shi ne yake tuna akwai takardar mutuwa a ofishin magajin gari. Sauran a binne, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, matar ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, shi ke nan. Idan yara goma suka koma a ƙauye ɗaya cikin wata guda saboda ƙyanda ko sanƙarau, kuma babu wanda ya rubuta, to a Tasawa ba a sani ba, a Maradi ba a sani ba, balle Yamai. Mai rabon allura da magani da lissafi yake aiki, abin da bai shiga takarda ba a wurinsa bai faru ba.

Tunda yanzu an ce Hausa ce harshen ƙasa, wata rana takardun nan da Hausa za a rubuta su, kuma wasu daga cikin malaman lakwal da ke saurarena su ne za a kira su fassara. Roƙona gare ku, a layin sunan mamaci ku rubuta marigayi, ku rubuta ya rasu, ku ba shi duk girman da harshenmu ya tanada. A layin da ke ƙasa, inda ake tambayar dalili, kada ku bar gurbin da za a rubuta ajali ko gajeruwar rashin lafiya. A rubuta zazzaɓin cizon sauro, a rubuta zubar jini bayan haihuwa, a rubuta tamowa, a rubuta kwana nawa aka yi kafin a kai shi likita. Haka littafin kwamitin ruwa: ranar da famfo ya tsaya, abin da ya ci a cikinsa, kuɗin gyara, da sunan wanda aka ba kuɗin ya tafi Tasawa sayen kayan.

Lokacinmu ya cika. Wanda yake da famfo a tsaye a ƙauyensu, ya aiko mana da sunan ƙauyen da watan da ruwan ya ɗauke, za mu karanta a shiri na gaba. Waɗanda suka yi rashi a wannan mako, Allah ya ba ku haƙuri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.